Riƙon Amanar Arewacin Kamaru (1916–1961) da Gadon da Ya Bari

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da babban yaƙi ya ƙare, akan samu wata ƙasa da mai mulkinta ya faɗi, kuma waɗanda suka yi nasara ba su amince wa juna ɗayansu ya haɗiye ta ba. Dabarar da aka fito da ita bayan Yaƙin Duniya na Farko ita ce a danƙa irin wannan ƙasa a hannun wata gwamnati, ta riƙe ta da sunan ƙasashen duniya, tana ba da bayani shekara-shekara. Wannan maƙala za ta dubi misali guda na irin wannan riƙo, wato Arewacin Kamaru, siririn yankin nan da ya miƙe daga Tafkin Chadi ya bi ta Dikwa da Bama da Gwoza da Mubi, ya sake ɓullowa a Jada da Ganye, har ya dangana da tsaunin Mambila. A Hausance ana kiran yankin Ƙasar Amana. Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa sa idon ƙasashen duniya bai taɓa rayuwar talakan yankin sosai ba sai ranar da aka tambaye shi ra'ayinsa, kuma abin da aka yanke a wancan lokaci shi ya tsara iyakarsa da sarautarsa da harshen da jikokinsa suke ciniki da shi a yau.

2.0 Yadda Yankin Ya Shiga Amana

Jamusawa sun kafa tutarsu a gaɓar tekun Kamaru a 1884, bayan sun ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duwala. Daga nan suka riƙa kutsawa arewa, inda suka tarar da tsofaffin dauloli uku: Adamawa, wadda Modibbo Adama ya kafa da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da Borno, da Mandara. Yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka yi a 1893 ta bar birnin Yola a ɓangaren Ingila, ta tura mafi yawan ƙasar Lamiɗo ɓangaren Jamus. Haka aka yi wa Borno: Dikwa, wadda ta kasance fadar Rabe kafin a kashe shi a Kusiri a 1900, ta faɗa hannun Jamusawa.

Da yaƙi ya ɓarke a 1914, sojojin Ingila daga Nijeriya da na Faransa daga ƙasashenta suka far wa Kamaru. Garwa ta faɗi a watan Yunin 1915, sansanin Jamusawa na ƙarshe, wanda ke kan dutsen Mora, ya miƙa wuya a watan Fabrairun 1916. Ƙasashen biyu suka raba ganima a wannan shekara, suka tabbatar da rabon da wata takarda da ministocinsu, Milner da Simon, suka sa wa hannu ranar 10 ga Yulin 1919. Faransa ta kwashe kimanin kashi 4 cikin 5. Ingila ta ɗauki gefen da ya jingina da Nijeriya, wanda aka kasa gida biyu, Kudanci da Arewaci. Shi kansa Arewacin a yanke yake, domin akwai giɓi a kwarin Binuwai kusa da Yola, inda ƙasar Nijeriya ta taɓa ta Faransa kai tsaye.

Abin lura a nan shi ne, an gama rabo kafin a yi maganar amana. Tsohuwar Majalisar Ƙasashen Duniya, mai mazauni a Janeba, ta amince da takardar riƙon ne a watan Yulin 1922, shekara 6 bayan an shata layin rabon. Sashe na 22 na tsarin mulkin Majalisar ya ɗauki jin daɗi da ci gaban mutanen irin waɗannan ƙasashe a matsayin amana mai alfarma a wuyan ƙasashen da suka ci gaba. An sharɗanta wa Ingila ta hana cinikin bayi, ta taƙaita shigar makamai da barasa, ta bar kowa da addininsa, kada ta kafa sansanin soja, kuma ta kawo rahoto kowace shekara. Amma takardar ta ba ta damar gudanar da yankin tamkar ɓangare na ƙasar da ke maƙwabtaka da shi. Wannan dama ita ta rinjayi dukkan sauran sharuɗɗan.

3.0 Kalmar Amana da Ma'anoninta

Kafin a ci gaba, ya dace masu nazarin harshe su tsaya kan kalmar da aka zaɓa. Hausa ta aro amana daga Larabci, kuma a bakin Bahaushe tana nufin ajiyar da aka ba mutum ya tsare, ya mayar wa mai ita yadda ya karɓa. Ana riƙon amana, ana cin amana, kuma babu zagin da ya fi na biyun ciwo. A tsarin mulkin daular Sakkwato kalmar tana da wata ma'ana ta daban, wato alkawarin da ke tsakanin sarki Musulmi da al'ummar da ba ta musulunta ba: su biya haraji, shi kuma ya hana a kai musu hari. Mutanen duwatsun Adamawa sun san wannan ma'ana ta biyu tun kafin Bature ya zo, sun kuma san cewa mai ƙarfi ne yake ƙulla irin wannan amana, shi ne kuma yake kwance ta in ya ga dama.

Amanar Janeba ta zama ta uku. A ajiya ta al'ada, mai kaya shi ke zaɓen wanda zai ba, shi kuma ake yi wa bayani. A nan kuwa masu ƙasar ba su zaɓi mai riƙo ba, kuma bayanin da ake yi, da Ingilishi da Faransanci ake yin sa, ga wasu mutane da ke wata nahiya. Wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar abin da ya biyo baya.

4.0 Zamanin Janeba (1922–1946)

Ingila ba ta kafa wa Arewacin Kamaru gwamnati tasa ba, ba ta yi masa babban birni ba. Ta liƙa Dikwa a Lardin Borno, ta liƙa yankin Mubi da na Ganye da Gashaka da Mambila a Lardin Adamawa ƙarƙashin En'e ta Lamiɗo, ta kuma haɗa wani ɗan sashe na kudu da Lardin Binuwai. A idon Turawa wannan gyara ne, tunda an mayar wa Yola da Borno wani abu daga cikin abin da Jamus ta ɗauke musu. A idon Margi da Kamwe da Fali da Guɗe da Camba da Mambila kuwa, an ɗora musu hakimai ne daga cikin mutanen da kakanninsu suka hau duwatsu domin gudun hare-harensu.

Tarihin Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya isa misali. Ya yi sarauta ƙarƙashin Jamusawa da Faransawa da Ingilishi, ya kuma bar kundin abubuwan yau da kullum da aka rubuta masa da Larabci daga 1912 zuwa 1927. A shekarun farko na kundin an jera hare-haren da mutanensa suka kai garuruwan kan dutse, har da Sukur, da adadin bayi da shanun da aka kamo. Hare-haren sun tsaya bayan yankin ya koma hannun Ingila, amma mutumin ya ci gaba da zama hakimin waɗanda ya kai wa harin har zuwa 1927, lokacin da aka tuɓe shi. An buga fassarar kundin da Ingilishi a 1995.

Hukumar da ke duba rahotanni a Janeba tana da ƙwararrun mutane, amma hannunta a ɗaure yake. Ba ta zuwa ta ga ƙasa da idonta. Duk ɗan ƙasar da ke da kuka, dole takardarsa ta bi ta hannun gwamnatin da yake ƙara. Daɗin daɗawa, ɗan Ingilan da ya zauna a hukumar fiye da shekara 10, har zuwa 1936, shi ne Gwamna Lugga, wanda ya shimfiɗa tsarin mulki ta hannun sarakuna a Arewacin Nijeriya. Ke nan wanda ya gina ɗaki shi aka ba duba ko yana yoyo.

Duk da haka ba za a ce sa idon bai tsinana kome ba. Tambayoyin da ake yi a Janeba game da bauta suna cikin abubuwan da suka matsa wa Ingila lamba har ta yi dokar 1936, wadda ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya da yankin amanar. Sai dai makarantu da asibitoci da hanyoyi sun kasance ƙalilan ƙwarai, kuma wasu yankunan duwatsu, irin su Gwoza, sun daɗe a jerin wuraren da gwamnati ta rufe ga baƙi bisa hujjar cewa ba su lafa ba.

5.0 Zamanin Majalisar Ɗinkin Duniya da Ƙuri'u Biyu

Bayan Yaƙin Hitila, Majalisar Ɗinkin Duniya ta gaji amanar, ta amince da sabuwar yarjejeniya a watan Disambar 1946. Abubuwa biyu suka sauya. Na farko, an bayyana ƙarara cewa ƙarshen riƙon shi ne mulkin kai. Na biyu, Majalisar ta samu ikon aiko da wakilai su zagaya, su saurari jama'a, su karɓi takardun koke hannu da hannu. An yi irin wannan rangadi a 1949 da 1952 da 1955 da 1958. 'Yan boko na Kudancin Kamaru sun ci moriyar wannan dama matuƙa, har suka ɓalle daga Jihar Gabas ta lokacin a 1954, suka samu majalisarsu a Buea. A Arewaci kuwa, masu yin magana da baƙin galibi sarakuna ne da ma'aikatan En'e, don haka wakilan 1958 suka koma da fahimtar cewa jama'a sun gamsu da zamansu cikin Jihar Arewa, har suka ga babu buƙatar jefa ƙuri'a.

Babban Taron Majalisar bai karɓi wannan shawara ba, ya ce a tambayi mutane. An naɗa Djalal Abdoh, ɗan ƙasar Iran, ya sa ido. Ranar 7 ga Nuwambar 1959 aka tambayi mazan Arewacin Kamaru: shin suna son zama cikin Jihar Arewa idan Nijeriya ta samu 'yancin kai, ko kuwa a jinkirta yanke shawara? Mutum 42,788 suka zaɓi Jihar Arewa, mutum 70,546 suka ce a jinkirta. Sakamakon ya girgiza Kaduna, ya kuma kunyata rahotannin da aka yi shekara da shekaru ana aikawa. Masana tarihi da dama sun fassara shi da cewa ƙin mulkin En'e ne da hakiman da ake turowa daga Yola da Dikwa, fiye da son Kamaru.

Abin da rahotannin shekara 37 ba su yi ba, ƙuri'ar yini ɗaya ta yi shi cikin watanni. Aka cire gundumomin amana daga ƙarƙashin Lamiɗo, aka kafa sababbin hukumomin En'e a Mubi da ƙasar Camba da Gashaka-Mambila, aka ware Gwoza daga Dikwa, aka kuma sauke wasu hakimai. Ranar 1 ga Oktoban 1960, da Nijeriya ta samu 'yanci, aka raba gudanar da yankin da nata, aka naɗa masa mai riƙo na musamman, Sir Percy Wyn-Harris, da mazauni a Mubi. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi alkawarin cewa in suka zaɓi Nijeriya za su zama lardi mai cin gashin kansa, daidai da sauran larduna.

An sake jefa ƙuri'a ranakun 11 da 12 ga Fabrairun 1961, wannan karo har da mata. Zaɓi biyu kawai aka bayar: samun 'yanci ta hanyar shiga Tarayyar Nijeriya, ko ta hanyar shiga Jamhuriyar Kamaru, wadda ta samu nata 'yancin daga Faransa ranar 1 ga Janairun 1960. Ba a ba da zaɓin tsayawa da ƙafar kai ba. A Arewaci, 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. A Kudanci, 233,571 suka zaɓi Kamaru, 97,741 suka zaɓi Nijeriya. Da an haɗa ƙuri'un wuri guda, da Kamaru ta samu 331,230, Nijeriya 244,037, wato da Mubi da Bama suna ƙarƙashin Yawunde a yau. Shawarar a ƙirga kowane ɓangare daban, Majalisar ce ta yanke ta, kuma ita ta raba gardamar tun kafin a buɗe akwati.

Arewacin Kamaru ya shiga Nijeriya ranar 1 ga Yunin 1961, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna. Shugaba Ahmadu Ahijo, wanda shi kansa Bafillatanin Garwa ne, ya ayyana ranar a matsayin ranar makoki a ƙasarsa, ya kuma kai Ingila ƙara Kotun Duniya. A watan Disambar 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci, bisa hujjar cewa amanar ta riga ta ƙare, duk abin da za ta faɗa ba zai sauya kome ba.

6.0 Gadon da Aka Bari

6.1 Iyaka

Layin da Milner da Simon suka ja domin sauƙin rabon ganima ya zama iyakar ƙasashe biyu masu 'yanci. Da Kamaru ta kai Nijeriya ƙara, hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktoban 2002 ya dogara ne a kan takardun 1919 da 1931 wajen shata iyakar arewa, da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 wajen Bakasi. A ƙarshen 2003 Nijeriya ta miƙa ƙauyukan yankin Darak na Tafkin Chadi, ta kammala miƙa Bakasi a watan Agustan 2008. A nan kudancin ƙasa, inda marubucin wannan maƙala yake koyarwa, da an ambaci iyakar Kamaru Bakasi ke zuwa a ran mutane, alhali mafi tsawon layin da aka yi shari'a a kansa yana ratsa tsohuwar Ƙasar Amana ne.

6.2 Sarauta da mulki

Masarautun Mubi da Ganye da Gwoza, a matsayin da suke da shi yanzu, 'ya'yan gyaran da ya biyo bayan ƙuri'ar 1959 ne. Shi kuwa lardin bai yi tsawon rai ba. Ƙirƙirar jihohi a 1967 da 1976 da 1991 ta watsa shi cikin Borno da Adamawa da Taraba, sunan Sardauna ya rage a kan ƙaramar hukuma guda mai hedikwata a Gembu. Masu fafutikar neman Jihar Amana daga Mubi da kewaye suna kafa hujja da alkawarin 1961 har gobe. Yana da kyau kuma a lura cewa garuruwan da Boko Haram ta mamaye a 2014, irin su Gwoza da Bama da Madagali da Michika da Mubi, kusan duk suna kan wannan siririn yanki. Dalilan rikicin suna da yawa, amma duwatsu da iyaka mai wuyar tsaro da daɗaɗɗen rashin kulawa suna cikinsu.

A ɗaya ɓangaren, Kudancin Kamaru ya shiga tarayya ranar 1 ga Oktoban 1961, aka rushe tarayyar da ƙuri'ar 1972. Zanga-zangar lauyoyi da malamai ta 2016, wadda tushenta shi ne tura alƙalai da malamai masu Faransanci zuwa kotuna da makarantun masu Ingilishi, ta rikiɗe ta zama yaƙin ɓallewa a 2017, dubban mutane suka gudo Kuros Riba da Binuwai da Taraba. Zaɓi na uku da aka hana a 1961 shi ne abin da masu bindiga suka fito nema.

6.3 Harshe

Wannan shi ne gadon da ya fi shafar masu karanta wannan mujalla. Kafin zuwan Turawa, Fulatanci ne harshen fada da kasuwa a ƙasar Adamawa, Barbarci da Larabcin Shuwa kuma a ƙasar Dikwa. Liƙa yankin a lardunan Arewa ya jawo shi cikin tsarin da Hausa ke da gata: harshen ofishin En'e, da ɗan doka, da soja, da ajin yaƙi da jahilci, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, da muhawara a Majalisar Dokokin Kaduna. Ƙuri'ar 1961 ta rufe ƙofar komawa. A yau Hausa ce ke haɗa ƙabilu a kasuwar Mubi, har ta fara cin Fulatanci a cikin Yola kanta, alhali a Marwa da Garwa da Ngaundare Fulatanci na nan da ƙarfinsa a matsayin harshen gama-gari, Faransanci kuma na makaranta da ofis.

Al'ummomin da layin ya ratsa sun fi kowa jin wannan a jika. Mutanen da ake kira Kamwe ko Higi a Michika, su ne Kapsiki a Kamaru. Haka Guɗe da Fali da Wandala da Camba da Mambila suke a gefe biyu. Ɓangare ɗaya yana aron kalmomi daga Hausa da Ingilishi, ɗayan daga Fulatanci da Faransanci. Ƙa'idojin rubutu ma sun rabu, domin Kamaru ta tsara abacada guda ga dukkan harsunanta a ƙarshen shekarun 1970, Nijeriya kuma tana bin nata tsari. Sau da yawa mai bincike yakan lissafa harshe ɗaya sau biyu saboda sunaye biyu, ko ya kira abu karin harshe alhali bambancin na kalmomin aro ne kawai.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin Arewacin Kamaru daga rabon 1916 zuwa ƙuri'ar 1961, ta nuna cewa amanar da ake ba da bayaninta ga waɗanda ke nesa ta bar mulki yadda ta same shi, sai da aka tambayi masu ƙasar sannan abubuwa suka motsa. Ta kuma nuna cewa ko a lokacin da aka tambaye su, wasu ne suka tsara tambayar, suka ƙayyade zaɓi, suka faɗi yadda za a ƙirga, kuma cikin Ingilishi aka rubuta ta kafin tafintoci su kai ta ga jama'a masu harsuna barkatai. Akwai aiki biyu a gaban masana harsunanmu. Na farko shi ne kwatanta kalmomin aro da ƙa'idojin rubutu na harsunan da iyaka ta raba, tare da takwarorinmu na jami'o'in Marwa da Ngaundare. Na biyu, wanda ya fi gaggawa, shi ne naɗar maganganun dattawan da suka jefa ƙuri'a a 1959 da 1961, a ji da waɗanne kalmomi aka fassara musu 'yanci da tarayya da amana. Mafi ƙanƙanta a cikinsu ya haura shekara 80.